Sabon jan bulo ya ƙi shiga da na tsohon gidan mahaifinmu

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan wani aiki da ya hana ni sukuni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma a shekarun 1970 ya gina gidanmu na Kaduna da jan bulo, bai taɓa yi masa filasta ta waje ba. Da shi ake yi wa baƙo kwatance a layinmu. Bana na ɗauki nauyin ƙara ɗaki da banɗaki a gefen gidan saboda Hajiyarmu, don ciwon ƙafa ya hana ta zuwa bayan gida na tsakar gida da dare. Na sayi sabon jan bulo, birkila ya kai gini bakin taga. Da na zo na gani sai gabana ya faɗi. Sabon ja ne jawur, tsohon kuwa ya yi duhu, layukan ba su haɗu ba, siminti ya ɓata fuskar bulon, ga wani farin abu yana tsattsafowa. Abin ya fito kamar faci a tsohuwar riga. Hajiya ta leƙa sau ɗaya ta ce Allah ya sa albarka, ba ta ƙara cewa komai ba, ni kuwa na san ma'anar shirunta. Yayana ya ce a yi wa gidan filasta gaba ɗaya a shafa fenti, kowa ya huta. Birkila ya ce in bari ya gama, zai wanke da ruwan batir ya goga baƙin mai, komai zai daidaita. Kuɗina sun yi nisa. In rushe ne, in ci gaba, ko in bi maganar Yaya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri a kan wannan hidima.

Kafin komai, ka tsayar da aikin. Kada a ƙara ɗora bulo ko ɗaya sai an yi abin da zan faɗa maka. Ginin da yake bakin taga gyaransa mai sauƙi ne. In ya kai linta, aka ɗora rufi, to magana ta canza.

Launin nan da ya fi tayar maka da hankali shi ne ƙaramar matsalarka. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga arewacin Cadi, da ruwan damina da Kaduna ke sha daga wajen Mayu zuwa Oktoba, da jar ƙasar da ruwa ke fallatsawa a gindin bango, da hayaƙin girki da na janareto, su ne suka mai da bulon Baba yadda kake ganinsa, kuma za su yi wa sabon irin wannan aiki ba tare da ka biya ko kwabo ba. Abin da shekaru ba sa gyarawa shi ne layin da ya karkace da kwaɓin da bai dace ba. Waɗannan in sun bushe a haka, a haka jikokinka za su tarar da su. Tun ran gini tun ran zane.

Ka ɗauki tef ka je tsohon bangon da kanka. Kada ka auna bulo ɗaya, domin na da ba su cika zama daidai da juna ba. Auna tsayin layi goma a jere, tare da kwaɓin da ke tsakaninsu, sannan ka auna layi goma na sabon gini. A nan za ka ga asirin. Bulon masana'anta na yanzu mai awon Ingila ana yanka shi ne a kan milimita 215 tsawo da 65 kauri, in aka sa kwaɓi na milimita 10 sai kowane layi ya tashi 75. Na da kuwa da inci ake yinsa, kuma sau da yawa ya ɗan fi wannan kauri. A ce bambancin milimita 5 ne kacal a kowane layi. A layi na farko ido ba zai gani ba. A layi na 15 sabon gini ya yi ƙasa da tsohon da cikakken bulo guda, a layi na 30 kuwa ya zama bulo biyu. Wannan ne ya sa ko wanda bai san gini ba in ya wuce sai ya ji wani abu bai yi masa daidai ba, ko da ya kasa faɗin mene ne.

Maganin abin sanda ce. A samo katako miƙaƙƙe, a jingina shi da tsohon bango, a zana masa alama a saman kowane layi tun daga difisi, wato matakin da ake shimfiɗa ledar hana danshi a saman harsashi, har sama. Birkila ya riƙa ɗaure igiyarsa a kan waɗannan alamomi, ba a kan abin da idonsa ya ba shi ba. In bambancin ƙanƙani ne, milimita 2 ko 3, ana iya shanye shi a kaurin kwaɓi. In ya wuce haka, kwaɓin zai yi kauri har ya yi muni, kuma gara a nemi wani bulon ko a raba ginin biyu a fili, yadda zan bayyana a gaba. Ka kuma duba yadda aka jera na da. Wani bangon duk layinsa bulo ne a miƙe ta tsawo. Wani kuma layi ɗaya ta tsawo, layi na gaba kawunan bulo ne ke leƙowa. Wani a layi ɗaya ake cakuɗa su, tsawo, kai, tsawo, kai. Gine-ginen da aka yi da kaurin bulo guda cikakke suna nuna kawunan nan, kuma su ne ke ba bangon kamanninsa. In na Baba yana da su, sabon ba shi da su, to ko daga tanda ɗaya bulon ya fito ba za su yi kama ba. Birkila zai iya raba bulo biyu ya riƙa sa rabin a gurbin kai, aikin ya ɗan ƙara lokaci, amma tsarin zai fito iri ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali, wato kwaɓi. Mutane suna zuwa kasuwa su yi ta juya bulo a hannu suna gwada launi, sannan su bar kwaɓi a hannun lebura ya zuba yadda ya ga dama. Alhali in ka yi lissafi, kusan kashi ɗaya cikin shida na fuskar bangon jan bulo ba bulo ba ne, kwaɓi ne. Daga tsallaken titi, ido yana haɗa launin biyun ya mai da su ɗaya. Jan bulo da kwaɓi mai toka-toka na siminti zalla yakan fito da ja mai kaifi. Bulon nan dai da kwaɓi mai ruwan ƙasa sai ya yi laushi a ido, ya yi kamar ya daɗe. Na tabbata rabin abin da ya faɗar maka da gaba daga nan yake.

Launin kwaɓi kuwa yashi ne ke ba da shi, fiye da siminti. Ka ƙwaƙulo ɗan guntun tsohon kwaɓi daga wani lungu da ba a gani, ka murtsuke shi a farin faranti, ka duba ƙwayar yashin. Ja ne ko fari ko ruwan ƙasa? Mai laushi ne ko mai tsakuwa-tsakuwa? Da wannan za ka je wurin masu tifa, ka ce irinsa kake so. In guntun ya murtsuke cikin sauƙi kuma ya yi fari-fari, alama ce ta an sa layim, wato farar ƙasar gini, ko kuma simintin bai yi yawa ba. Haɗin da aka daɗe ana amfani da shi a bangon jan bulo shi ne awo 1 na siminti, 1 na layim, 6 na yashi. Birkilolinmu da suka saba da bulon siminti sukan cika siminti, suna ganin ƙarfi ne. A jan bulo ba haka ake so ba. Kwaɓi ya kamata ya fi bulo taushi, domin in bango ya motsa tsagar ta bi ta kwaɓin da ake iya gyarawa, kada ta fasa bulon. Kuma a riƙa aunawa da kwanon sarki ɗaya kullum, a share bakinsa. Awo da shebur shi ke sa bango ya fito da launi uku, na Litinin daban, na Laraba daban.

Sannan yadda aka gama bakin kwaɓin. Je ka shafa na tsohon da yatsa. An daidaita shi da fuskar bulo ne, ko an danna shi ciki da guntun rodi ya yi ɗan kwari, ko an karce shi ya shige? Inuwar da ke faɗawa cikin wannan kwarin ita ce ke zana layukan da kake gani da hantsi. Sabon ma a yi masa haka, a lokacin da kwaɓin ya fara ɗaurewa amma bai bushe ba.

Duk wannan ba a yarda da shi da baki. A gefe, a jikin tsohon bangon inda rana ke bugun su tare, birkila ya gina 'yan gwaji guda uku, kowanne layi biyar ko shida, da haɗin kwaɓi daban-daban, a rubuta awon kowanne a takarda. A bar su mako biyu, domin ɗanyen kwaɓi ya fi busasshe duhu nesa ba kusa ba. Ka duba su da safe, ka duba da la'asar, ka watsa musu ruwa ka sake dubawa, kuma daga nesa, daga inda mai wucewa zai tsaya. Kafin nan ka wanke ɗan wuri a tsohon bangon da ruwa da buroshi mai laushi. Wani lokaci abin da muke ɗauka launin bulo ne, dauɗar shekara 50 ce kawai, kuma a ƙarƙashinta tsohon bai yi nisa da sabon yadda ake zato ba.

Sai mahaɗar ginin biyu. Na san abin da aka saba: a fasa bakin tsohon bango a yi masa haƙora, a cusa sabon bulo a ciki. Wannan daidai ne in gyara ake yi a kan harsashi ɗaya, kamar toshe tsohuwar taga. Amma ɗakin Hajiya a kan sabon harsashi yake. Tsohon gida ya gama zama tun tuni, sabon kuwa yanzu zai fara lotsawa kaɗan-kaɗan, ga shi sabon jan bulo yakan ɗan kumbura bayan fitowarsa daga tanda yana shan danshin iska. In aka ɗinke su da haƙora, tsaga za ta bi haƙoran nan ta sauko a karkace. Gara a bar miƙaƙƙiyar gaɓa ta kamar milimita 10 daga ƙasa har sama, a ɗaure bangon biyu da 'yan ƙarafa marasa tsatsa, a cike gaɓar da silikon na gini mai launin kwaɓi, sannan a saukar da bututun ruwan rufi a kanta ya rufe ta. In fili ya bari, a ja sabon bangon baya da rabin bulo. Ƙaramar kusurwar nan tana jefa inuwa, kuma ido ba ya gwada launi biyu da inuwa ta raba yadda yake gwada waɗanda ke manne a shafe ɗaya. Wannan ita ce mafita ma idan awon bulon ya ƙi daidaituwa sam. Ka tabbata kuma ledar hana danshi ta sabon ginin tana matakin ta tsohon.

To, a rushe ko kada a rushe? Ra'ayina, fuskar da ke kallon titi a sauke ta zuwa difisi a sake. Ɓangaren baya da na gefe da ba mai gani sai maƙwabci ta kan katanga, in dai a miƙe suke kuma harsashin lafiya yake, a bar su. Bulon da aka sauke ba asara ba ne, tunda kwaɓin bai tsufa ba ana iya kankare yawancinsa a mai da shi baya.

Fuskar gaban kuwa, bulon da ya fi dacewa da ita yana cikin gidanku. Za a fasa ƙofa daga tsohon gida zuwa sabon ɗaki, ko ba haka ba? Kada a bari lebura ya hau wurin da guduma. A cire bulon ɗaya bayan ɗaya da kurfi, a kankare, a ajiye. Bangon da sabon ɗakin zai lulluɓe, in mai kauri biyu ne, ko tsohon kicin, ko wani yanki na katangar baya, duk wurare ne da za a iya samun bulon Baba na asali a musanya da sabo a inda ba a gani. Amma bangon da ke ɗauke da rufi kada a taɓa shi sai injiniya ya duba. In bai isa ba, ka sa ido a duk inda ake rushe tsofaffin gidajen ma'aikata ko na 'yan reluwe, a Kaduna ko Zariya, ka je da bulo ɗaya na gidanku a hannu, ba hoton waya ba. In dole sai an cakuɗa da sabo, a warwatsa su, tsoho nan sabo can, birkila ya riƙa ɗiba daga tuli uku a lokaci guda. Launin jan bulo daga ƙarfen da ke cikin yumɓu yake da kuma zafin wuta, wanda ke kaiwa wajen digiri 1,000. A tandar da ake ƙonawa da itace, kamar yadda har yau ake yi a bakin koguna a Binuwai, wanda ya kusanci wuta yakan yi duhu, na nesa ya yi haske. Wannan rashin daidaito shi ne kyawun tsohon bango. Don haka in za ka ƙaro sabo, ka roƙi mai sayarwa ya tsinto maka waɗanda suka ƙone sosai, waɗanda wasu ke ƙi.

Maganar ruwan batir da baƙin mai, ka ce wa birkila na gode, amma a'a. Ruwan batir yana cin kwaɓi, yana ƙona fuskar bulo ya bar tabo mai rawaya, ga haɗari ga ido da hannun yaron da za a ba aikin. Baƙin mai kuwa yana toshe bulon, ya riƙe ƙura, ya yi wari in rana ta take, kuma ba ya fita har abada. Haka banish, wanda ke sa bango ƙyalli wata shida sannan ya fara ɓarewa. Farin abin da kake gani gishiri ne da ruwan gini ya narkar daga siminti da yashi da bulon kansa, ya fito ya bushe a waje. Ba ciwo ba ne. A goge shi da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa, domin ruwa mai da shi ciki yake yi ya sake fitowa. Yawanci damina ɗaya ko biyu ke raba shi da bango. Simintin da ya ɓata fuska a kankare da guntun bulo ko katako. A sabon aikin kuma a jiƙa bulo kafin a ɗora in lokacin rani ne, a goge duk abin da ya zuba tun yana ɗanye, a rufe saman gini da leda in hadari ya haɗu.

Ka ba bangon hunturu ɗaya da damina ɗaya kafin ka taɓa launinsa. In bayan nan har yanzu yana yi maka ihu, akwai tsohuwar dabara: a ƙulle kunkunniya a buhu a jiƙa a duro na ruwa kwana biyu, a tsarma ruwan sosai, a shafa da buroshi. Wasu kan ƙara ɗan ruwan jar ƙasa. A fara da mai rauni a lungu, domin ƙarawa ta fi ragewa sauƙi. Akwai kuma rini na musamman da ake yi wa bulo, wanda ke shiga jikinsa ba ya toshe shi kamar fenti, ana shafa shi bulo ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin buroshi. In ka ga ana cewa a shafa nono ko kindirmo don bango ya tsufa da wuri, wannan dabarar Ingila ce inda danshi ke sa gansakuka ta fito. A ranar Kaduna ƙuda da kiyashi kawai za ka tara.

Shi kuwa Yaya, kada ka ɗauki maganarsa a matsayin rashin kishin gidan. Tunaninsa yana da asali. Mu mutanen ginin tubali ne, kuma a ginin ƙasa bango tsirara bango ne da bai ƙare ba. Magina na da in sun yi gyara sai su bi da yaɓe, su shafe da makuba, ko laso da ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, sabo da tsoho su ɓace a ƙarƙashin shafe ɗaya. Bulon siminti ma da ya zo daga baya sai da filasta yake kyau. Amma jan bulo an yi shi ne ya tsaya da fuskarsa. A kufan Birnin Gazargamu da ke jihar Yobe, wanda aka ci da yaƙi a 1808, har yau ana ganin ƙonannen bulo bayan fiye da shekara 200 a rana da ruwa. Ka je wa Yaya da lissafi, cikin ladabi, ba da gardama ba. Filastar gida duka buhun siminti nawa ce, yashi tifa nawa, fenti bokiti nawa, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an sake fentin. Ka sa wannan kusa da kuɗin sauke bango ɗaya daga bakin taga. Ka kuma nuna masa cewa filasta a kan jan bulo ba ta da komawa, domin ranar da aka so cire ta da fuskar bulon za ta taho. Ka roƙe shi shekara ɗaya. In bayan shekara abin bai yi ba, hanyar filasta tana nan ba ta gudu ba.

Ranar da 'yan gwajin nan suka bushe, ka kai Hajiya kujera ta zauna ta zaɓa da kanta. Ta fi ku duka sanin launin gidan, kuma ina zaton shirun nata na wanda ba a tambaya ba ne.

Akwai abu guda da ba ka tambaya ba. Ka ce gidan mahaifinku ne, ba ka ce an raba gado ba. In ba a raba ba, kana zuba kuɗinka ne a dukiyar magada duka. Ku zauna da Yaya da sauran 'yan'uwa, mata da maza, a rubuta a gaban shaidu ko ɗakin kyauta ne ka yi wa gida, ko kuwa za a lissafa maka kuɗinka ranar rabo. Ka kuma duba ko kana da izinin ƙarin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, tunda dai aiki ya tsaya na mako biyu.

Birkila kuma kada ka kore shi kai tsaye. Mai yiwuwa gwani ne a bulon siminti, inda filasta ke rufe kowane kuskure, jan bulo ne bai saba da shi ba. Ka biya shi aikin da ya riga ya yi, ku sake ciniki a kan fuskar gaban da kuɗin yini maimakon kuɗin yawan bulo, domin wanda ake biya da ƙirga ba zai tsaya goge kwaɓi ba. In ya ƙi sanda, ya ƙi gwaji, to ka tambaya a Kakuri ko Sabon Garin Zariya, za a nuna maka dattijon da ya yi irin wannan aiki a da, ka ɗauke shi ya gina gaban, naka ya ƙarasa baya.